Alhakin Shanun Tsoho Ham

Yayana Manseok ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa katafila. Duk ramin da ke cikin kwarinmu, na harsashin gida ne ko na kwalbati ko na tafkin ban-ruwa, in ka bi sawu za ka tarar shi ya haƙa shi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, ba ya kuma ƙin aiki. Matarsa Jeomsun ita ce bakin gidan. Ita ke ja-in-ja da dillalan tuffa, ita ke ɗaukar waya, ita ke gaya masa ranar da ya kamata ya je aski. Ni ƙanwarsa ce, sunana Gwinam. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, kuma tun da mijina ya rasu kusan kullum a wajensu nake cin abinci.

A hunturun da cutar baki da kofato ta shigo mana, an kafa shinge a bakin gada, ana yi wa kowace mota feshi, maganin yana daskarewa a jikin gilashi tun kafin direba ya goge. Umarnin da aka bayar shi ne, in saniya ɗaya ta kamu, sai an kashe garken duka an binne. Masu katafila ba su da yawa a yankinmu, don haka ma'aikatan gunduma suka kira Yaya. Ya ɗauki rigar sanyinsa ya tafi.

Garken da aka fara da shi na Tsoho Ham ne, shanu saba'in da huɗu. Mai kula da su wani mutumin Nepal ne, Tilak, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya shekara huɗu a gonar har ya iya yarenmu, ko da yake a hankali yake ɗauko kalmomi. Shi Hindu ne. Kowace safiya sai ya shafa goshin shanun kafin ya zuba musu ci, mutanen gari suna yi masa tsiya wai ya bar mace ɗaya a Nepal ya zo ya auri saba'in.

Ban ga abin da ya faru ranar ba, don ba a bar kowa ya matso ba. Daga baya na ji. Tsoho Ham ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Shanun da suka ga baƙin mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, sai suka birkice suka ƙi fitowa. Aka yi ta duka, aka yi ta ja, abu ya gagara. Tilak ne ya ce a dakata. Ya shiga ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da igiya yana yi musu magana da yarensu, likitan dabbobi yana soka allura. In ta faɗi, Yaya ya tura ta cikin ramin da aka shimfiɗa wa tamfol, a watsa farar ƙasa, a kawo ta gaba. Tun hantsi har rana ta yi ja.

Mako bakwai Yaya yana wannan aiki, daga wannan gona zuwa waccan, ba a bar shi ya dawo gida ba don kada ya kawo cutar. Da ya dawo ya rame, kayansa suna warin farar ƙasa. Jeomsun ta ƙone su a bayan gida. Bai ba da labarin komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Akwai kalmar da ba ta barin bakinmu a ƙauye. Mu muna cewa eopbo, a littattafai ana cewa karma, amma in tsofaffin mata sun faɗe ta a zaure abin da suke nufi kawai alhaki ne. Wanda ya yi ha'inci a karta, gobe haƙorinsa na roba ya faɗa rijiya, alhaki. Wadda ta hana surukarta hutu, ƙafarta ta kumbura, alhaki. Da dariya ake faɗa, ana ɓare gyaɗa.

Da bazara ta shigo, Yaya ya zame daga tsani a gonar tuffa ya gurɗe ƙafa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kwana goma ya warke. Amma da yamman nan ina zaune a zauren tsofaffi ana karta, aka tambaye ni jikinsa, sai na ce, ina dariya, ai alhakin shanun Tsoho Ham ne suka fara binsa. Aka yi dariya, aka raba karta, ni har na manta.

Wata uku bayan haka Jeomsun ta fara kasa gama kwanon shinkafarta. Tana cewa zafi ne ya kashe mata baki. Da muka matsa mata aka je asibiti a birnin Daegu, aka leƙa cikinta da na'ura, likita ya ce ciwon daji ne a tumbi. Za a fara da magani na wata uku don ya ja baya, sannan a yi tiyata.

Sai maganata ta dawo, wannan karon babu dariya a cikinta. Tsohuwa Bang, wadda ta fi kowa daɗewa a zauren, ita ta riƙa cewa rai dubu ba wasa ba ne, dole ya sauka a kan wani, in bai samu mijin ba ya samu matar. Wata ta ƙara da cewa ai a ciki ya kama ta saboda da kuɗin aikin aka sayi abin da ta ci. Ina zaune ina jinsu. Na san inda maganar ta samo asali, su kuwa sun manta.

A kantin bakin hanya Yaya ya ji, yana tsaye bayan kantar kaya ba su gan shi ba. Ya biya kuɗin sigarinsa ya fito. Washegari ya lulluɓe katafilar da tamfol, ya ɗaure da igiya, ya hau dutse zuwa ƙaramin haikalin da ke samanmu.

Daga ranar kullum can yake yini. Yakan faɗi ƙasa gaban Buddha sau ɗari da takwas, ya miƙe, ya sha ruwa, ya sake farawa. Gwiwoyinsa suka kumbura har wando ba ya shiga da sauƙi. Ya daina cin nama. In ya sauko da yamma sai ya tsaya a ƙofar ɗakin Jeomsun, ya kasa shiga, ya kasa haɗa ido da ita. Ni nake raka ta Daegu a motar haya duk bayan mako biyu, ni nake riƙe mata leda in amai ya taso a hanya. Wata rana muna dawowa, ta jingina kai da taga, ta ce da ni, "Ƙanwa, kin ga ikon duniya? Ni ke ciwo, yayanki ke jinya."

Da lokacin tsinkar tuffa ya zo ba mu da namiji a gona, sai na ɗauki Tilak, wanda tun da garken ya ƙare yake bin aikin gonaki. Ran nan da tsakar rana mun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiya muna cin abinci, sai ga Yaya ya sauko da wuri yana ɗingishi. Tun ranar shanun ba su haɗu ba. Tilak ya miƙe ya rusuna, Yaya ya yi masa alama ya zauna, shi ma ya zauna a gefen tabarmar ya miƙe ƙafafu. Na zuba masa shinkafa bai taɓa ba. Can ya tambayi Tilak, a garinsu me ake cewa yana samun wanda ya kashe saniya.

Tilak bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce abu ne mai nauyi ƙwarai, kusa da kashe mutum, kuma shi kansa tun daga ranar yake azumin Litinin. Ya ce ya yi wata biyu kafin ya iya gaya wa mahaifinsa a waya. Mahaifin ya tambaye shi abin da zai faru da bai riƙe igiyar ba. Tilak ya ce da duka za a yi ta yi, a ja su da mota suna kuka. Sai tsohon ya ce masa to aikin da ya faɗo a kansa ke nan ranar, ya kuma yi shi. Abin da zai biyo baya zai biyo, a wannan rayuwa ko a wata, ba shi ne mai sa rana ba. Ya ce masa ya ci gaba da aikinsa, ya daina leƙen hanya.

"To ai ga shi nawa ya zo," in ji Yaya. "Yana kwance a ɗaki."

Tilak ya juya cokalinsa a hannu. "Maigida, a garinmu ma tsofaffin mata haka za su ce. Amma ni na riƙe igiya, ni suka yarda da shi suka fito. Matata kuwa lafiyarta ƙalau, jiya ma ta zage ni a waya."

"Naka yana hanya."

"Mai yiwuwa," ya ce, yana ɗan murmushi. "In ya zo, ni dai zai samu. Ni na yi."

Yaya ya ɗauki tuffa ɗaya da ta faɗo, ya duba ta, ya ajiye, ya tashi ya koma dutse.

Kwana biyu bayan haka na bi shi. Mai kula da haikalin mace ce mai zuhudu, Hyeju Sunim, ta haura sittin, gajera, kanta a aske, tafin hannunta kamar na manomi. Na tarar da ita a tsakar gida tana baza jan barkono a tabarma, Yaya yana tsugune a gabanta. Da alama ta daɗe tana jan bakinsa, don na iso daidai yana faɗin abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce a garken Tsoho Ham, can wajen ƙarshe, akwai wata 'yar maraƙa da allurar ba ta gama kama ta ba. Yana daga saman katafila ya ga ta ɗaga kai a cikin ramin. Bokitin katafilar cike da ƙasa yana sama, ya riga ya karkata. Yana iya tsayawa, bai tsaya ba.

Sunim ba ta daina baza barkono ba. Ta tambaye shi me ke ransa a lokacin. Ya ce so yake kawai a gama. Ta tambaye shi ko ya ji daɗi, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko yana jin haushin maraƙar, ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi.

Sai ta ce masa, abin da aka koya mata shi ne karma niyya ce, abin da zuciya ta ƙudura hannu ya bi. Wanda ya kashe da mugunta da wanda ya kashe yana rawar jiki ba abu ɗaya suka shuka ba, ko da gawar iri ɗaya ce. Ta ce kuma ba kowane ciwo ne daga nan yake fitowa ba: akwai na gado, akwai na abinci, akwai na sanyi, akwai wanda jiki ne kawai ya gaji.

"Ban ce maka babu komai a kanka ba," ta ce. "Ban sani ba. Shekara arba'in ina zaune a nan, ban iya duban ciwon mutum in ce daga wuri kaza ya zo ba. Duk wanda ya ce maka ya iya, a zaure ne ko a haikali, surutu yake yi. Wancan ya wuce, ka ɗauke shi ka tafi da shi. Wanda nake gani da idona shi ne na yau. Kowace safiya kana tsallake mace marar lafiya ka hau dutse don ka ji sanyi a ranka. Wannan da niyya kake yinsa."

Ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta je ta ja ƙofar ɗakin Buddha ta sa kwaɗo, ta jefa makullin a aljihu. Ta ce in ana bukin wata zai iya zuwa kamar kowa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Amma yayana in ya kafe, ko katafilarsa ba ta ture shi. Washegari ya sake hawa, ya shimfiɗa buhu a kan tsakuwa a gaban rufaffiyar ƙofar, ya ci gaba da faɗuwa da tashi. Sunim tana wuce shi da bokitin ruwa kamar ba ta gan shi ba.

Saura kwana uku a yi tiyata, Jeomsun ta ce in kira mana tasi. Na ɗauka asibiti za mu, sai na ji ta ce wa direba haikali. Mota ba ta kaiwa ƙofa, akwai matakala sittin da wani abu na dutse. Na ce ta jira a mota in kira shi, ta ce in ta jira shi ai shekara talatin ke nan tana jira. Ta ɗaura ɗankwali a kanta da gashi ya zube, ta kama hannuna, muka fara hawa. Duk matakala goma sai ta zauna.

A hutu na uku na kasa riƙewa. Na gaya mata ni ce na fara maganar alhakin shanu, a zaure, da wasa, ranar da Yaya ya faɗo daga tsani. Ta dube ni tana haki.

"Na sani," ta ce. "Tsohuwa Bang ta gaya mini tun tuni, don ta wanke kanta. Bakinki dama tun kina yarinya ba shi da murfi. Tashi ki ja ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har abada.

Da muka kai sama, Yaya yana ƙasa goshinsa a kan buhu. Ta zauna a kan dutsen da ake ajiye takalma, ta jira numfashinta ya dawo. Da ya ɗago ya gan ta, sai ya sandare a durƙushe.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma da ƙarfin. Ta ce masa mahaifiyarta da wannan ciwon ta mutu tana shekara hamsin da biyu, ƙanwar mahaifiyarta ma haka, kuma dukansu ko kaza ba su iya yankawa. Ta ce tun tana budurwa take cin kifi mai gishiri safe da yamma, likita ma ya faɗa.

"Baban Yeonhui," ta ce, don da sunan 'yarsu take kiransa, "ciwona ne. Nawa ne. Komai na gidan nan da sunanka ake kiransa, gonar Manseok, motar Manseok, matar Manseok. Yanzu ciwon cikina ma kun haɗu da tsofaffin zaure kun ce naka ne. Ni ba bulalar da aka aiko a dake ka da ita ba ce. In kana da magana da shanu, ku ƙarata can da su. Ni gata za a yanka ni, kuma tsoro nake ji, kuma na gaji da riƙe hannun ƙanwarka, gumi yake yi."

Yaya ya yi ƙoƙarin miƙewa gwiwa ta ƙi, sai da Sunim ta ajiye bokiti ta kama shi. Ya naɗe buhunsa, ya rasa inda zai sa, ya miƙa wa Sunim. Sannan ya juya wa Jeomsun baya ya tsuguna don ya goya ta. Ta ce da waɗannan gwiwoyin sai dai su gangara tare a tsince su a gada. Haka suka sauka, tana dafe da shi yana dafe da bango, ni ina binsu da jakarta.

An cire mata kashi biyu cikin uku na tumbin. Yaya ya kwana goma sha ɗaya a kan ɗan gadon da ake turawa ƙarƙashin na majiyyaci. Da aka sallamo ta, abinci sai cokali-cokali sau shida a rana, shi da bai taɓa kunna murhu ba ya koyi dama kunun shinkafa. Na farko ya ƙone, na biyu ya yi ruwa, tana kwance tana ba shi umarni ta ƙofa. Da damina ta cinye hanyar gonaki ya kwance igiyar tamfol ya koma aiki, amma ba ya karɓar wanda zai hana shi dawowa cin rana.

Ban ce ya warke daga abin ba. Nama dai bai ƙara ci ba, kuma in hanya ta bi ta gefen tsohuwar gonar Tsoho Ham, inda bututun iska suke tsaye a kan ramin, sai ya zagaya ta gada ko da zai ƙara minti ashirin. Ko ya yarda da maganar Sunim, ko ta Tilak, ko har yanzu ta zaure ce a ransa, bai faɗa ba. Tilak ya koma Nepal shekara biyu bayan haka, takardunsa sun ƙare. Yaya ne ya kai shi tashar mota, ya cusa masa kwalin tuffa da ba za a bar shi ya hau jirgi da shi ba.

A zaure kuwa ba abin da ya canza. Da Jeomsun ta murmure har ta dawo karta, Tsohuwa Bang ta ce ai faɗuwar da Manseok ya yi ta yi a haikali ce ta biya. Jeomsun ta ce a'a, wani likita ne mai sanƙo a Daegu, ta ajiye kartarta ta cinye su duka.

Shekara huɗu Jeomsun ta ƙara a duniya. Ta ga auren Yeonhui, ta goyi jika. Da ciwon ya dawo ya shiga hanta, ita ta tsara komai da bakinta, har hoton da za a ajiye da mutanen da za a kira. Yaya ya ce a wajen makoki zai sa a yi miyar ganye. Ta ce ina, mutane za su taso daga nesa, ba za a ce gidanta an yi rowa ba. Jar miyar naman sa za a yi, kamar yadda ake yi a kowane makoki, kuma a sa nama da yawa.

Da ta rasu, haka aka yi. Kwana uku ana shigowa ana rusunawa gaban hotonta, ana wucewa wajen cin abinci. Akwai matan da aka ɗauka don rabo, amma duk sanda baƙi suka tsagaita sai Yaya ya fito da baƙaƙen kayansa ya karɓi ludayi. Na ga ya zuba wa Tsohuwa Bang kwano cike, ya lalubo mata tsoka mai laushi daga ƙasan tukunya saboda haƙoranta, ya ajiye a gabanta da hannu biyu. Shi kuma ya koma gefe ya ci shinkafarsa da kimchi, kabeji mai tsami da yaji.